Rigar sanyi da gubar da ke cikin hayaƙinta

Da yawa daga cikin rigunan sanyi da hulunan saƙa da muke saye a kasuwar Maraɗi in hunturu ya shigo, ba gashin tumaki ba ne. Zaren akirilik ne, asalinsa man fetur.

Wajen tace mai ake samun iskar furofilen. A masana'anta sai a haɗa ta da amoniya, wadda ake yin takin yuriya da ita, da iskar da muke shaƙa, a zafin digiri 400 zuwa 500. Su kaɗai ba sa haɗuwa yadda ake so, sai an bi da su ta cikin wani gari mai ƙarafan bismut da molibden. Kamar kanwa yake a tukunyar wake, sai dai shi ba ya ƙarewa. Ruwan da ke fitowa sunansa akirilonitiril, da shi ake yin zaren. Kamfanin Sohio ya fara wannan aiki a 1960, a garin Lima na Amurka.

To ga inda abin ya shafe mu. In zaren ya kama wuta, hayaƙinsa na ɗauke da siyanur, guba mai kisa. Don Allah jama'ar Tibiri, Jiratawa da kewaye, kar a shanya rigar sanyi bisa kaskon wuta cikin ɗaki, kuma kar a hura wuta da tsummanta.