Volkswagen Type 2

Volkswagen Type 2, wadda aka fi sani da Kombi, ƙaramar bas ce da kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara ƙerawa a Wolfsburg ranar 8 ga Maris, 1950. Wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan, Ben Pon, shi ya zana siffarta ta farko a 1947. A 1951 kamfanin Westfalia ya fara mayar da wasu ɗakin kwana na matafiya, da gado da teburi da wurin girki.

Injinta mai silinda huɗu yana baya, kuma a tsofaffin samfura ba shi da lagireto. Fanka ce ke hura masa iska, don haka idan bel ɗinta ya tsinke, nan take injin ke ɗaukar zafi. Masu ita kan canza baƙin mai duk bayan kilomita 5,000, su daidaita tazarar bawul zuwa milimita 0.15 bayan injin ya huce. Tsatsa kan ci ƙasan motar da gindin ƙofofi, kuma gyaran tsatsar kan fi na inji tsada.

An daina ƙera ta a Brazil a Disambar 2013.