Tsarin Magangarar Ruwa a Ginin Manhaja: Waiwaye a kan Tarihinsa, Alfanunsa da Illarsa

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin gina manhajar kwamfuta, babu wadda ta daɗe ana aiki da ita, ana kuma sukar ta, kamar tsarin bin matakai a jere, wanda aka fi sani da tsarin magangarar ruwa. A wannan tsari sai an kammala mataki guda, an rattaba masa hannu, sannan a shiga na gaba: tattara buƙatu, nazari, zayyana fasali, rubuta manhajar, gwaji, sai miƙa ta ga masu amfani. Wannan maƙala ta bibiyi asalin tsarin domin gano inda ya yi rana da inda ya gaza.

Asalin Tsarin

Tsarin ya samo tushe ne daga ayyukan sojan Amurka. A shekarar 1956 Herbert Benington ya gabatar da takarda a kan yadda aka rarraba aikin manhajar SAGE, wato na'urar tsaron sararin samaniyar ƙasar, zuwa matakai. A 1968 ƙungiyar NATO ta kira taro a Garmisch ta ƙasar Jamus, inda masana suka koka da yadda manyan ayyukan manhaja suke wuce wa'adi da kasafi. Ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne a ɗauki aikin a matsayin injiniyanci mai ƙa'ida.

A 1970 ne Winston Royce ya wallafa takardar da aka fi danganta tsarin da ita. Abin lura shi ne, Royce bai kira shi magangarar ruwa ba. Sunan ya bayyana ne a rubutun Bell da Thayer na 1976. Haka kuma, bayan ya zana matakan bakwai, ya yi gargaɗin cewa bin su sau ɗaya tak yana da haɗari, domin gwaji yana zuwa ne a ƙarshe. Shawararsa ita ce a gina manhajar sau biyu, na farkon ya zama na gwaji, a kuma riƙa tuntuɓar mai aikin. Zanen ya yaɗu, gargaɗin kuwa aka yi watsi da shi. A 1985 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta fitar da ƙa'idar DOD-STD-2167, wadda 'yan kwangila suka fahimta a matsayin wajabta bin matakan a jere.

Alfanu da Illa

Alfanun tsarin a fili yake. Yana ba mai kwangila da mai aiki damar yin yarjejeniya a kan farashi da wa'adi. Yana barin cikakkun takardu, ta yadda ko ma'aikaci ya tafi, aikin ba zai tafi da shi ba. A littafinsa na 1981, Barry Boehm ya nuna cewa kuɗin gyara kuskure yana ninkuwa gwargwadon jinkirin gano shi, wanda hakan hujja ce ga masu cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai wannan hujja tana iya juyawa kan tsarin. Sau da yawa mai aiki bai san ainihin buƙatarsa ba sai ya ga manhajar tana aiki. Idan kuwa ba zai gan ta ba sai bayan shekaru, to kuskuren matakin farko zai fito ne a lokacin da gyaransa ya fi tsada. Wannan ne ya sa Boehm ya gabatar da tsarin kewaye a 1986, wanda ake maimaita matakan ana auna haɗari. A 1994 Ma'aikatar Tsaro ta sauya ƙa'idarta da MIL-STD-498, wadda ta amince da gini kashi-kashi. A Fabrairun 2001 kuma masana 17 suka hallara a Snowbird ta jihar Utah, suka fitar da sanarwar Agile.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa matakan kansu ba su ne matsalar ba, domin har yau kowane tsari yana nazari, yana zayyana fasali, yana gwaji. Matsalar ita ce zaton za a iya sanin komai tun farko. Inda buƙatu suke tabbatattu, kuma kuskure yana iya janyo asarar rai, kamar manhajar jirgin sama da na'urorin asibiti, tsauraran matakai da takardu suna da muhalli. Inda buƙatu suke sauyawa kuwa, shawarar Royce ta 1970 ce ta fi dacewa: a gwada da wuri, a koma baya a gyara.