Daga Randa zuwa Ƙanƙara: Sanyaya Ruwa a Bolari

Tun bayan da aka mayar da hedikwatar masarautar Gombe daga Nafada zuwa Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919, mutanen Bolari da sauran unguwannin garin sun daɗe suna dogaro da randa da tulu wajen sanyaya ruwan sha. Randar yumɓu tana tsatsafo da ruwa ta ƙananan ƙofofin da ke jikinta, iska kuma tana busar da wannan laima tare da kwashe zafin ruwan da ke ciki, shi ya sa ake girke ta a inuwa bisa jiƙaƙƙen yashi. Sai dai komai sanyin hunturu, ruwa ba ya daskarewa a Gombe, domin sai sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Selshiyos kafin tsabtataccen ruwa ya zama ƙanƙara.

Saboda haka sana'ar ƙanƙara ba ta samu gindin zama ba sai da lantarki da firji suka shigo, ta kuma bunƙasa bayan 1996, lokacin da Gombe ta zama babban birnin jiha, jama'a suka yi ta kwararowa. Ƙananan masu sana'ar, waɗanda da yawansu matan aure ne, suna ƙulla ruwa a leda su jera a firji. Manyan injuna kuwa da gishiri suke aiki: ana tsoma gwangwanayen ƙarfe cike da ruwa a cikin kwarmin ruwan gishiri da injin ya sanyaya. Gishirin da ya narke yana hana ƙwayoyin ruwa haɗuwa su sandare, ta yadda ruwan da ya ƙoshi da shi kan kai wajen digiri 21 ƙasa da sifili bai daskare ba, don haka yake zagaye gwangwanayen yana zuƙe zafinsu har ruwan cikinsu ya zama dunƙule.

Kasuwar takan kai ƙololuwa idan azumi ya faɗo a bazara, kamar a 2023 da 2024, lokacin da masu zoɓo da kunun aya kan yi layi tun la'asar, dillalai kuma su lulluɓe hajarsu da buhu da dusar katako don rage narkewa. Lantarki ne ke yanke farashi fiye da komai, domin ranar da aka ɗauke wuta aka koma kan janareta, kuɗin mai a kan mai saye yake ƙarewa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa gidaje da dama ba su rabu da randa ba har yau.