Ciwon Zuciya na Haihuwa: Bayani ga Iyaye a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Ciwon zuciya na haihuwa naƙasa ce da kan samu zuciyar jariri tun yana ciki, galibi a makonni takwas na farko. A duniya, kimanin jarirai 8 cikin kowace 1,000 ake haifa da shi. Ba maita ba ce, ba shafar aljanu ba ce, kuma ba laifin uwa ba ne. Sau da yawa ba a gano musabbabinsa, sai dai ciwon suga da ba a kula da shi ba, da cutar rubella a farkon ciki, da shan magunguna barkatai suna ƙara haɗarinsa.

Ire-irensa

Wanda ya fi yawa shi ne huda a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya. Ƙaramar huda takan toshe da kanta, babba kuwa tana bukatar tiyata. Akwai kuma jijiyar da ya kamata ta rufe kwanaki kaɗan bayan haihuwa amma ta ƙi. Sai nau'in da likitan Faransa Fallot ya bayyana a 1888, wanda ke hana isasshen jini zuwa huhu, har leɓe ya yi shuɗi.

Alamomin da muke so a lura da su

Numfashi da sauri ko da kyar. Gajiya da zufa a goshi yayin shan nono. Rashin ƙaruwar nauyi. Yawan ciwon haƙarƙari. Shuɗin leɓe, harshe ko farce, musamman in yaro yana kuka.

Inda za a nufa

Matakin farko shi ne asibiti mafi kusa, ko na Ikara, ko na Maƙarfi, ko na Hunkuyi, hedikwatar Kudan. Daga nan likita zai ba da takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, domin a ɗauki hoton zuciya da ake kira eko. Hoton ba ya da zafi, kuma shi ke tantance irin ciwon.

Magani

Magungunan rage ruwa a jiki suna sauƙaƙa numfashi, amma ba sa toshe huda. Gyara na dindindin sai da tiyata ko aiki ta cikin jijiya. Wannan ba sabon abu ba ne: a 1944 aka fara yi wa yara masu shuɗin leɓe aiki a asibitin Johns Hopkins na Amurka, a Nijeriya kuwa an yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Enugu a 1974. Jinkiri shi ne babban abin tsoro, domin babbar huda da aka bari ta daɗe tana lalata jijiyoyin huhu, har a kai lokacin da tiyata ba za ta yi amfani ba.

Kulawa a gida

A riƙa ba yaro nono kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. A ba da magani daidai yadda aka auna, kada a daina don an ga sauƙi. A cika allurar rigakafi, a kwana cikin gidan sauro. A guji cire beli da tsaga, domin ƙwayoyin cuta kan bi jini su kama zuciya. Idan yaro ya yi shuɗi farat ɗaya, a lanƙwasa gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a rarrashe shi, a garzaya asibiti.

Nauyin da ke kan iyali

Jinya takan ci makonni, kuɗin tiyata kuma ya fi ƙarfin yawancin manoma. Muna shawartar maigida ya nemi likita ya rubuta masa ƙiyasin kuɗin, ya tuntuɓi sashen jin daɗin jama'a na asibiti, ya adana dukan takardun gwaji wuri ɗaya. Dangi su tanadi masu ba da jini, su riƙa karɓar uwa zaman jinya, su kula da yaran da aka bari a gida. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yawancin yaran da aka yi wa aiki a kan kari suna girma, su yi karatu kamar sa'o'insu.