Mike Tyson: Yaron Da Aka Rasa Mai Kwaɓarsa

Yau mun ɗan jingine labarin soyayya, za mu leƙa tarihin wani ɗan damben zamani na Amurka wanda ko yaron da bai taɓa ganin wasansa ba ya san sunansa.

An haifi Mike Tyson a 1966 a birnin New York, ya tashi a Brownsville, unguwar talauci da 'yan daba. Uba ya tafi ya bar su. Yaro ne mai kiwon tattabaru, kuma faɗansa na farko ma a kan tattabararsa ne da wani ƙato ya fizge wa kai. Kafin ya wuce shekara 13 'yan sanda sun kama shi sau 38, har aka kai shi gidan horon kangararrun yara na Tryon. A can wani tsohon ɗan dambe, Bobby Stewart, ya ga irin hannunsa, ya miƙa shi ga dattijo Cus D'Amato a garin Catskill. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1982, dattijon nan ne ya zame masa uba.

Mutane da yawa suna ba da labarin kamar a gidan D'Amato waliyyi ne Tyson, kuɗi ne suka zo suka lalata shi. Ni ban yarda ba. Tun a 1982 ɗin, wani matashin mai horar da shi, Teddy Atlas, ya zarge shi da taɓa wata yarinya 'yar dangin matarsa, har ya ɗora masa bindiga a kunne. Wa aka sallama? Atlas. Dattijo ya riga ya hango zakaran duniya a jikin yaron, ba ya son abin da zai ɓata tafiyar. To ka ga, mai karatu, tun kafin dala ta farko ta shigo aljihu, ƙanshinta ya fara sa ana kau da kai.

D'Amato ya rasu a watan Nuwamba 1985. Shekara guda bayan haka, ranar 22 ga Nuwamba 1986, Tyson ya kirɓe Trevor Berbick a turmi na biyu, ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi yana da shekara 20, mafi ƙuruciya a tarihi.

Shekarar 1988 ita ce ta fi ɗaukar hankalina, domin a cikinta komai ya kwance. A Fabrairu ya auri 'yar fim Robin Givens. A Maris manajansa Jim Jacobs, wanda yake jin maganarsa, ya rasu. A Yuni ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, ya kwashi kusan dala miliyan 20. Kafin shekara ta fita aure ya rikice a gaban gidajen talabijin, dillalin dambe Don King ya shige masa jiki, shi kuma ya kori Kevin Rooney, mai horon da ya gada daga gidan D'Amato, mutum na ƙarshe da zai iya daka masa tsawa ya ce koma ka sake. Waɗanda suka rage duk a hannunsa suke ci. Wanda kake ciyarwa kuwa da wane baki zai ce maka ka kwanta da wuri?

Sakamakon ya fito a Tokyo ranar 11 ga Fabrairu 1990. Buster Douglas, wanda ba a ɗauke shi a bakin komai ba, ya kumbura masa ido. Sabbin mutanen da ke kusurwarsa ba su ko zo da ƙarfen da ake danne kumburi da shi ba, sai safar hannu ta roba suka ɗura wa ruwan ƙanƙara suna manna masa. Tirƙashi! Zakaran duniya kenan. A turmi na goma ya faɗi, yana rarrafe yana laluben robar bakinsa.

Daga nan sai gangara. A 1992 kotu ta same shi da laifin fyaɗe, ya yi shekara uku a kurkuku, inda ya karɓi Musulunci. Ya fito a 1995, kuɗi suka dawo, tsoffin 'yan amshin shata ma suka dawo, har damisa ya saya yana kiwo a gida. A 1997 ya gartsa wa Evander Holyfield cizo a kunne, aka ci shi tarar dala miliyan 3. A 1998 ya maka Don King a kotu yana neman dala miliyan 100, aka sasanta a kan miliyan 14. A 2003 mutumin da ya samu sama da dala miliyan 300 ya bayyana wa kotu cewa ya karye, ana bin sa bashin kusan miliyan 23.

A Yuni 2005 ya kara da Kevin McBride, ɗan damben da a da ko kallo bai ishe shi ba. Bayan turmi na shida ya zauna a kujerarsa ya ƙi tashi. Da aka kai masa makirufo, sai ya ce zuciyar damben ta bar shi, don biyan bashi kawai ya hau.