Mai Ƙasa da Mai Ilmi: Tarihin Lambun Dumbarton Oaks



Duk ɗalibin da ya karanta tarihin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ci karo da sunan Dumbarton Oaks, watau gidan nan na birnin Washinton inda wakilan Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyat da ƙasar Sin suka zauna a 1944 suka shata tsarin Majalisar. Amma ba zancen wannan taro ne ya kawo ni gabanku yau ba. Nufina in ja hankalinku zuwa ga lambun da ya kewaye gidan, da kuma mata biyu da suka yi shekara fiye da 20 suna aikinsa. Ɗaya ita ce mai ƙasa da dukiya, ɗaya kuwa ita ce mai ilmin. Tambayar da nake so mu duba ita ce: yaya mai kuɗi da mai sani za su haɗa kai a kan aiki guda, ba tare da kuɗin ya danne sanin ba, ko sanin ya raina kuɗin?

Mu fara da masu gidan. Robert Woods Bliss ma'aikacin jakadanci ne na Amurka. Matarsa Mildred ta gaji dukiya mai yawa daga mahaifinta, wanda ya samu arziki a cinikin wani maganin ciki na yara da ake kira Castoria. Sun yi aure a 1908, ba su kuwa samu haihuwa ba. A 1920 suka sayi wani tsohon gida a unguwar Georgetown, suka yi ta ƙara masa fili har ya kai eka 53. Wurin a kan tudu yake, ƙasar kuma ta gangara ƙwarai zuwa wani rafi. Akwai tsofaffin itatuwa, akwai rumbuna da hanyoyin gona, amma babu wani tsari.

Matar da suka kira ta gyara wurin a 1921 ita ce Beatrix Farrand. An haife ta a 1872 a cikin wani babban gida na birnin Niyok, kuma marubuciyar nan Edith Wharton gwaggonta ce. A zamanin ƙuruciyarta babu makarantar da ke koya wa mace wannan sana'a, saboda haka sai ta zauna ƙarƙashin Charles Sprague Sargent, shugaban gandun itatuwa na Jami'ar Harvard, ta koyi sanin tsirrai, sa'an nan ta zaga lambunan Turai tana dubawa tana rubutawa. Gargaɗin da malamin nan ya yi mata, wanda ta riƙe har tsufanta, shi ne ta sa zane ya bi ƙasa, kada ta murɗe ƙasa don ta bi zane. Lokacin da aka kafa ƙungiyar masu tsara filaye da lambuna ta Amurka a 1899, mutum 11 ne suka kafa ta, ita kaɗai ce mace a cikinsu. Kafin ta sadu da Mildred ta riga ta yi wa Jami'ar Princeton aiki, ta kuma taɓa aiki a lambun fadar shugaban ƙasa. Ashe ke nan ba 'yar koyo ce aka ɗauka ba, kuma ba mai neman abin sawa a baki ba ce. Wannan yana da muhimmanci, domin abota ba ta ƙulluwa sosai tsakanin mutum biyu in ɗaya yana tsoron faɗa wa ɗaya gaskiya.

To, ga abin mamaki. Ba a daɗe da soma aiki ba sai aka tura Robert Bliss ƙasar Suwidin a 1923, daga can kuma aka mai da shi jakada a Ajantina daga 1927 zuwa 1933. Watau shekara 10 cur masu gida ba su zaune a gidansu, sai dai su zo hutu. Ita ma Farrand ba a Washinton take ba, tana tsakanin ofishinta na Niyok, da gidanta na jihar Maine, da Kalifoniya inda mijinta ya samu aiki a 1927. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, amma tasu zumuntar a takarda ta tafi. Wasiƙu da zane-zane da hotuna suka yi ta ƙetare teku. In za a gina ƙofa, ko benci, ko bango, sai Farrand ta sa a yi samfurinsa daidai girmansa, a kafa shi a inda ake nufi, har sai Mildred ta zo ta gani da idonta. In bai yi mata ba, a sāke. Wani abu akan sāke shi sau da yawa kafin a taɓa dutse ko ƙarfe. Ta haka aka kauce wa ɓarnar kuɗi, aka kuma kauce wa abin da ya fi ɓarnar kuɗi muni, watau zargin juna bayan an gama gini.

Kowace da abin da ta kawo. Mildred ta daɗe a Faransa, idonta ya saba da lambunan Turai, tana son ado da sassaƙa. Farrand kuwa ta san ƙasa, ta san wace shuka ce za ta jure zafin Washinton da sanyinsa. Tsarin da suka yarda a kai shi ne: kusa da gida a yanka gangaren a yi dandamali hawa-hawa, kowane da bangonsa kamar ɗaki marar rufi, mafi girmansu na furen wardi, in aka yi nisa da gida sai ado ya riƙa raguwa, har a ƙare cikin kurmi da rafi kamar hannun mutum bai taɓa wurin ba. Farrand ta kula har da matakala. Ta tsare kada tsayin taki ɗaya ya wuce inci 6, ta kuma sa wurin hutawa a tsakani, don ta lura cewa gajiyar hawa tana kashe daɗin kallo. A cikin wasiƙunsu har sukan kira juna tagwayen lambu, kuma masu gidan sun kafa wani allon dutse a lambun da rubutun Latin don girmama ta, abin da ba kasafai attajiri kan yi wa wanda yake biya ba.

Amma kada daɗin labari ya rufe mana ido. Abotar nan ba ta masu ƙarfi ɗaya ba ce. Ƙasar ta Mildred ce, magana ta ƙarshe ma tata ce. A 1940 ita da mijinta suka raba wurin: gida da eka 16 suka ba Jami'ar Harvard don a yi cibiyar nazarin daular Rumawan Gabas, eka 27 na kurmi suka ba gwamnati ya zama wurin shaƙatawar jama'a, sauran kuma aka sayar. Lambun da aka tsara don mutum biyu da baƙinsu sai ga shi a hannun hukuma, mai ƙarancin ma'aikata da yawan maziyarta. Ɓangaren da ya koma hannun gwamnati ya yi shekaru da yawa cikin rashin kula, ciyawa da kurangar daji suka rufe shi, sai daga baya masu sa kai suka tashi gyara shi. Bayan tsufa ya sa Farrand ta janye, Mildred ta ci gaba da sauye-sauye tare da waɗansu, musamman Ruth Havey wadda ta taɓa aiki a ofishin Farrand. A wajejen 1960 aka mai da filin wasan tanis ya zama dandali na ƙananan duwatsu masu launi, irin adon da ya fi kusa da son Mildred. Ita kuwa Farrand, da ta ga babu mai riƙe nata lambun na Reef Point bayanta, sai ta rushe shi da kanta a 1955, ta aika da littattafanta da zane-zanenta Jami'ar Kalifoniya. Ta rasu a 1959, Mildred kuma a 1969.

Me ya sa ke nan Dumbarton Oaks ya tsira, alhali yawancin lambunan da ta yi wa attajirai sun shafe? Dukiyar da aka bar wa jami'a ta taimaka, babu shakka. Amma a ganina akwai abin da ya kai wannan muhimmanci. A 1941 shugaban sabuwar cibiyar, John Thacher, ya roƙi Farrand ta rubuta yadda za a kula da wurin. Ta bi lambun sashe-sashe, ta faɗi abin da aka shuka, da dalilin shuka shi a nan, da abin da za a sa a madadinsa in ya mutu, da inda za a iya sauƙaƙa aiki in hannu ya yi kaɗan. An buga littafin a 1980. Sanin da ke cikin kan mata biyu ya koma abin da baƙo zai karanta ya yi aiki da shi.

A nan ne nake so ma'aikatan gwamnati da ke zaune a wannan zaure su tsaya su yi tunani. Gini akan gama shi a miƙa makulli, amma lambu ba ya ƙarewa. Ranar da aka daina kula da shi, ranar ya soma mutuwa. Yawancin ayyukan hukuma kuwa sun fi kama da lambu. Wanda ke riƙe da kuɗi yana bukatar mai ilmin da ba ya tsoronsa, mai ilmi kuma yana bukatar haƙurin nuna samfuri da sauraron gyara. Su biyun kuma wata rana za a yi musu canjin wurin aiki, ko su yi ritaya. Ku kuwa ɗalibai, ku da za ku gaje su, abin da za ku nema a cikin fayil ba jerin abin da aka yi kaɗai ba ne, har da dalilin da ya sa aka yi shi. In kun tarar ba a rubuta ba, to ku fara rubutawa.