Tolstoy: Yadda Laƙabin Bafade Ya Zama Sunan Gida a Rasha

Da an ce Tolstoy, mutum ɗaya ne ke faɗo wa masu karatu a rai: tsohon nan mai farin gemu har ƙirji, sanye da rigar manoma, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kira a daina yaƙi, a daina tara dukiya. Amma sunan ya girmi wannan tsoho da fiye da shekara 350, kuma yawancin waɗanda suka yi fice da shi kafin zuwansa ba masu wa'azi ba ne. 'Yan fada ne, jakadu, janar-janar da shugabannin 'yan sandan ciki.

A al'adar Rasha mutum suna uku gare shi: nasa, na mahaifinsa, sai na gida. Na gidan shi ya zo daga baya. Sarakuna da manyan fadawa suka fara riƙe shi tun daga wajen ƙarni na 14, talakawa kuwa sun daɗe ba su da shi. Yawancin manoma sai bayan 1861, shekarar da Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta bayin gona, suka soma samun sunan da ake gada. Galibin sunayen daga na uba ko sana'arsa aka ciro su: Ivanov zuriyar Ivan, Kuznetsov zuriyar maƙeri, Popov zuriyar limamin coci. Tolstoy ya fita daban. Siffa ce zalla, ma'anarta mai ƙiba ko kakkaura, kuma idan mace ce ke ɗauke da shi sai a ce Tolstaya. Bahaushe ya san irin wannan laƙabi, su Dogo da Gajere, sai dai a ƙasar Hausa yawanci laƙabin kan bi mai shi kabari. A Rasha kuwa, da yake gona da muƙami da sunan gida ake gadonsu, an shigar da shi rajista, jikoki suka riƙe abinsu.

Dangin suna da nasu labarin na asali. Sun ce a 1353 wani mutum mai suna Indris ya taso daga ƙasashen yamma da 'ya'yansa biyu da mabiya 3,000, ya sauka a birnin Chernigov, wanda yau ke cikin Yukren, ya shiga Cocin Otodoks. Tattaɓa-kunnensa, Andrei Kharitonovich, shi ya koma Mosko ya shiga hidimar Sarki Vasili na Biyu, wanda ya yi mulki daga 1425 zuwa 1462, kuma wai sarkin ne da bakinsa ya laƙaba masa Tolstoy. Masana tarihi da dama ba su gamsu da zancen Indris ba, domin sai a shekarun 1680 aka rubuta shi, lokacin da fada ta nemi kowane babban gida ya kawo salsalarsa. A zamanin kuwa yayi ne kowa ya nemo wa kansa kaka daga ƙasar waje.

Wanda ya fitar da gidan daga sahun matsakaitan fadawa shi ne Pyotr Andreyevich Tolstoy, haifaffen 1645. Da farko ya tsaya a ɓangaren da bai yi nasara ba. A tarzomar dakarun bindiga ta 1682 yana tare da dangin Miloslavsky da Gimbiya Sofiya, abokan hamayyar yaron da aka naɗa Sarki Pita na Ɗaya. Da iska ta juya, shi ma ya juya. Don ya wanke kansa, a 1697, yana da shekara 52, ya tafi Italiya koyon aikin jirgin ruwa tare da samarin da ya haife su, saboda ya san ba abin da Pita ke so kamar jiragen ruwa.

Dabarar ta ci. A 1702 ya isa fadar Daular Usmaniyya a matsayin jakadan Rasha na dindindin na farko. Aikin ba na jin daɗi ba ne. Al'adar Turkawa a lokacin, idan suka ƙulla yaƙi da wata ƙasa, sai su kama jakadanta su kulle. Haka aka yi masa a 1710: aka jefa shi kurkukun Yedikule, ya yi fiye da shekara a ciki. Sai 1714 ya koma gida. Ana ba da labarin cewa wata rana Pita, ana cikin shaye-shaye, ya shafa kan tsohon ya ce da ba don basirar da ke cikin kan nan ba, da tuni ya sa an sare shi.

Aikin da ya fi ɗaga shi, kuma ya fi ɓata masa suna, ya zo a 1717. Yarima Alekse, ɗan Pita kuma magajinsa, ya tsere daga hannun uban ya nemi mafaka wurin sarkin Ostiriya, aka ɓoye shi a wata ganuwa a birnin Naples. Tolstoy aka tura ya dawo da shi. Ya haɗa barazana da lallashi, ya bi ta hannun Afrosinya, budurwar yariman, ya kuma kai masa alkawarin uban cewa za a yafe masa. Alekse ya yarda, ya iso Mosko a farkon 1718. Ba a cika alkawari ba. Aka kafa wani ofishin binciken sirri, aka ɗora Tolstoy a kansa, aka yi wa yariman bulala ana tuhumarsa, aka yanke masa hukuncin kisa, ya mutu a kurkuku a Sant Pitasbag cikin wannan shekara. A cikin dangin an daɗe ana cewa kafin ya cika ya tsine wa Tolstoy da zuriyarsa.

Ladan ya biyo baya: gonaki, bayin gona, sannan a 1724 sarautar graf, wadda ake gada daga uba zuwa ɗa. Bai daɗe yana cin ta ba. A 1727, bayan rasuwar Pita, aka zo naɗa ɗan Alekse ɗin nan sarki, Tolstoy ya san abin da ke jiransa, ya yi ƙoƙarin hanawa, amma abokin hamayyarsa a fada, Yarima Menshikov, ya riga shi. Aka tuɓe masa sarauta, aka ƙwace dukiyarsa, aka kai shi gidan sufaye na Solovki a wani tsibiri can arewa mai tsananin sanyi, yana da shekara 82, tare da ɗansa Ivan. Ɗan ya riga uban mutuwa. Uban ya bi shi a 1729. Sai a 1760 Sarauniya Elizabet ta mayar wa jikokinsa sarautar.

Ɗaya daga cikin jikokin, Andrei Ivanovich, ya haifi 'ya'ya 23, har aka yi masa laƙabi da Babbar Sheƙa. Daga wannan sheƙa yawancin Tolstoy ɗin da aka sani suka fito.

Mafi hatsabibanci a cikinsu shi ne Fyodor Ivanovich, haifaffen 1782, wanda aka fi sani da Ba'amurke, ko da yake Barashe ne gaba da baya. A 1803 ya shiga jirgin Nadezhda na kyaftin Kruzenshtern, a tafiyar farko da Rashawa suka kewaye duniya ta teku. Ya addabi kowa a jirgin da tsokana da haɗa faɗa. A tsibiran Markesas ya sa aka yi masa zanen jarfa kusan a duk jikinsa, abin da ya riƙa tuɓe riga yana nuna wa baƙi har tsufansa. Da kyaftin ya gaji, sai ya sauke shi a Kamchatka. Labarin da ya riƙa bayarwa na zamansa a yankin Alaska, wadda a lokacin ke hannun Rasha, shi ya jawo masa laƙabin. Ɗan caca ne da ba ya ɓoye cewa yana maguɗi a karta, kuma an ce mutum 11 ya kashe a fito-na-fito da bindiga. Ya auri wata mai rawa 'yar ƙabilar Roma, suka haifi 'ya'ya 12, ɗaya tak ta girma ta yi aure. Wata 'yar danginsu ta rubuta cewa yana da littafin da ya jera sunayen waɗanda ya kashe, duk sanda ɗa ya mutu masa sai ya soke suna ɗaya, yana ganin bashi ne Allah ke karɓa.

Sauran sun fi shi natsuwa. Janar Osterman-Tolstoy ya rasa hannu a yaƙin Kulm da sojojin Napoleon a 1813. Fyodor Petrovich mai zane ne, ya yi kusan shekara 30 yana mataimakin shugaban makarantar zane-zane ta masarauta. Alekse Konstantinovich mawaƙi ne kuma marubucin wasan kwaikwayo. Dmitri Andreyevich kuwa ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 1866 zuwa 1880, ya cika makarantu da Latin da Girkanci don a rage wa ɗalibai lokacin tunanin siyasa, sannan daga 1882 ya zama ministan cikin gida, ya matse jaridu har mutuwarsa a 1889.

Cikin wannan gida aka haifi Lev Nikolayevich, mai farin gemun nan da aka ambata da farko, a 1828, a gandun Yasnaya Polyana kusa da Tula. Gandun ma ba na Tolstoy ba ne. Kakansa Ilya, gwamnan Kazan, almubazzari ne da aka ce har Holan yake aika tufafinsa wanki, ya mutu ya bar bashi, dole ɗansa, mahaifin Lev, ya auri mai dukiya, Mariya Volkonskaya, wadda ta zo da gandun. Shi ma Lev da ƙuruciya bai bar halin gida ba: ya shiga jami'ar Kazan a 1844 don karatun Larabci da Turkanci, ya fita ba digiri, ya yi soja a Kaukasus da Sevastopol, kuma bashin caca ya sa aka sayar da gidan da aka haife shi a ciki, aka kwance shi katako-katako aka kai wani ƙauye.

Littafinsa kan yaƙin Napoleon, wanda sunansa ke nufin yaƙi da zaman lafiya, ya kammala a 1869; Anna Karenina ya biyo baya. A tsakanin biyun ya yi niyyar rubuta labarin zamanin Pita, inda kakan kakanninsa Pyotr Andreyevich ke tsakiyar fage. Ya tara bayanai, ya fara ya sake farawa, daga ƙarshe ya watsar. Daga baya ma bai ɓoye ƙyamarsa ga Pita ba.

Daga wajen 1880 ya juya wa kusan duk abin da gidansu ya tsaya a kai baya. Ya ce soja da kurkuku da mallakar ƙasa zalunci ne. A 1891 ya yafe haƙƙin mallakar littattafan da ya rubuta bayan 1881, abin da ya haddasa rigima mai tsawo da matarsa Sofiya, wadda ta haifa masa 'ya'ya 13 kuma ta sha kwafe rubutunsa da hannu. A 1901 majalisar ƙoli ta Cocin Otodoks, wadda Dmitri Tolstoy ya taɓa shugabanta na shekara 15, ta sanar cewa Lev ya fita daga coci. Daga nan wasiƙu suka riƙa zuwa masa daga ko'ina. A 1904 ya yi musayar wasiƙa da Muftin Masar, Shaikh Muhammad Abduh. Ya zaɓo wasu hadisai daga tarin da wani malamin Indiya, Abdullahi Suhrawardi, ya wallafa, aka buga su da Rashanci. Wannan ne tushen raɗe-raɗin da ake yawan ji cewa ya musulunta, amma babu hujja a kai. Abin da ke tabbace shi ne ya girmama Musulunci, kuma littafinsa Hajji Murad, kan wani jarumin Imam Shamil, jagoran Musulmin Kaukasus a yaƙinsu da Rasha, yana cikin mafi adalcin abin da Barashe ya rubuta game da Musulmin Kaukasus. A 1910 Gandhi ya raɗa wa gonar da ya kafa kusa da Johannesbag sunan Tolstoy. A watan Nuwamban shekarar tsohon ya sulale daga gida da asuba, ciwon huhu ya kama shi a jirgin ƙasa, ya rasu a ɗakin shugaban tashar Astapovo yana da shekara 82.

Juyin juya halin 1917 ya soke duk sarautu, dangin suka watsu. Autar 'ya'yan Lev mata, Alekzandra, ta sha ɗauri a hannun 'yan gurguzu, ta bar ƙasar a 1929, ta kafa Gidauniyar Tolstoy a Amurka a 1939 don taimakon 'yan gudun hijira. Wani ɗansa ya auri 'yar Suwidin, daga nan reshen can ya tsiro. Wani ɗan dangi na nesa, Alekse Nikolayevich, ya bi wata hanya: ya yi hijira, ya dawo a 1923, ya zama ɗan gaban goshin Stalin, ana ce masa Jan Graf. Shi ya rubuta littafin Pita da Lev ya kasa, ya ci kyautar Stalin da shi. Sunansa kuma na cikin kwamitin da a 1944 ya ɗora wa Jamusawa kisan hafsoshin Poland a dajin Katyn, laifin da Mosko da kanta ta amsa a 1990. Jikarsa, Tatyana Tolstaya, tana cikin sanannun marubutan Rasha na yau.

A 2000 zuriyar Lev suka soma hallara a Yasnaya Polyana duk bayan shekara biyu, daga Suwidin, Italiya, Faransa, Amurka da sauran wurare. Waɗanda suka fi tashe a cikinsu a gida kuwa sun koma sana'ar kakanni. Vladimir Tolstoy, wanda ya shugabanci gidan tarihin gandun daga 1994, ya zama mai ba Shugaba Putin shawara kan al'adu a 2012. Pyotr Tolstoy, tsohon mai gabatar da shirye-shirye a talabijin ɗin gwamnati, yana riƙe da kujerar mataimakin shugaban majalisar dokoki ta Duma tun 2016, kuma yana cikin masu goyon bayan yaƙin Yukren a fili.